Sensar Oksijin Hayaƙi Take Gani, Ba Fetur Ba

Mai daidaita injin mota na wannan zamani yana aiki ne da kwamfuta a cinya, idonsa kuma a kan ɗan agogon da ke nuna rabon iska da mai. Idan lambar ta haura sai ya ƙara fetur a taswirar ƙwaƙwalwar mota, idan ta sauka ya rage. Lambar tana fitowa daga sensar oksijin mai faɗin zango, wadda masu sana'ar ke kira waidban, kuma an yarda da ita fiye da kima. Yawancin lokutan da ake cewa sensa ta yi ƙarya, gaskiyar abin da ta gani ta faɗa. Laifin yana ga abin da aka kai mata, ko ga hanyar da saƙonta ya bi.

Sensar ba ta san fetur nawa nozul ya fesa ba. A cikin samfurin Bosch LSU 4.9, wanda agogunan kasuwa da dama ke amfani da shi, akwai ɗan ƙaramin ɗaki da hayaƙi ke kutsawa ciki, da wani sashe na yumɓun zakoniya da ke fitar da oksijin daga ɗakin ko shigar da ita, har ɗakin ya daidaita. Ƙarfin lantarkin da wannan aiki ya ci shi ake juyawa zuwa lamba. Saboda haka duk oksijin da ta iso bakinta, ko daga ina ta fito, za a rubuta ta a matsayin ƙarancin mai.

A nan ne salansa ke shigowa cikin zance. Hayaƙi ba ya tafiya kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma tsakanin bugu da bugu matsin cikin bututun kan faɗi har ya zuƙo iskar waje ta kowace kafa. Tsagewar da ido ba ya gani a manifol, ko gaskit da ya ƙone, ko walda mai ƙofofi a gaban sensa, ya isa ya sa agogo ya nuna 16 alhali injin yana kan 14.7. Alamarsa ita ce kuskuren ya fi muni a silo, yana raguwa idan an taka totur, domin a lokacin hayaƙin ya fi ƙarfin iskar da ke satar shiga. Haka ma silindar da fulogi ko kwayil ɗinta ya gaza: iskarta da manta suna fita ba su ƙone ba, sensa ta ga oksijin ta ce mai ya yi kaɗan. Makanikin da ya amsa wannan kira da ƙarin fetur ya ƙara wa Barno dawaki ne. Fulogai za su yi baƙi, fetur ya wanke man juye daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa.

Wannan asara ce ta kuɗi da sannu. Kuskuren da ke kashe injin nan take shi ne na ɗaya ɓangaren, wato agogo ya ce mai ya wadata alhali bai wadata ba. Injin mai tabo yana bukatar rabon da ya kai kusan 11.5 zuwa 12 idan an taka shi har ƙasa, domin rarar fetur ce ke sanyaya kan fistin. Idan aka ɗaura sensa kafin tabo, inda matsin hayaƙi yake da yawa, takan nuna mai ya fi yadda yake yawa. Mai daidaitawa ya rage, zafi ya tashi, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fistin ya narke. Wurinta bayan tabo ne, kuma a karkace sama da kwance da aƙalla digiri 10, don kada raɓar da ke taruwa a salansa mai sanyi ta sauka a kan yumɓun da aka dafa zuwa digiri 780 ta tsaga shi. Wannan dalili ne ma ya sa barin makulli a kunne, sensa tana zafi kafin a tayar da injin da safe, yake rage mata kwana.

Akwai kuma matsalar waya, wadda ta fi kowace raina hankali. Agoguna da yawa suna aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙo ta bolt 0 zuwa 5. A ma'aunin da wannan zango ke wakiltar rabo 10 zuwa 20, bambancin bolt 0.2 kacal tsakanin inda aka ɗaure negatif ɗin agogo da inda aka ɗaure na ƙwaƙwalwa ya zama kuskuren 0.4 a rabo. Idan fuskar agogo da kwamfuta suka saɓa wa juna, a nan ake fara dubawa, sannan a tabbatar an zaɓi ma'aunin kamfanin da ya dace a manhaja, domin na AEM da na Innovate ba ɗaya ba ne. Yanke soket ɗin sensa a haɗa wayoyi da hannu shi ma ɓarna ce: a cikin soket ɗin akwai ɗan resista da aka saita wa wannan sensa ita kaɗai a masana'anta.

Ba a ce sensa ba ta mutuwa. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gaskit, da ruwan lagireto da ke shiga silinda, da man juyen da injin ke ƙonawa, duk guba ne gare ta, kuma jabu sun cika kasuwa. Sai dai gwada ta ba shi da wuya: a cire ta, a bar ta ta yi zafi a iskar fili mai oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, agogo ya kai ƙarshen ƙarancin mai. A kusanto mata da gas ɗin laita ba tare da kunna wuta ba, ya faɗo nan da nan. Wadda ta yi nawa wajen amsawa ta gaji. Abin takaici, sau da yawa sayen sabuwa ne matakin farko a gareji, a ɗaura ta a kan salansar nan mai huji, ta maimaita abin da tsohuwar ta faɗa.

Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023 aka shiga mayar da motoci masu amfani da gas na CNG, wani ruɗanin ya ƙaru. Lambar 14.7 ta fetur ce zalla. Methen, wanda shi ne mafi yawan CNG, yana ƙonewa daidai a kusan 17.2. Sensa kuwa lamda take aunawa, inda 1.00 ke nufin daidai ko wane mai ne, agogo ne ke ninka ta da 14.7. Motar gas da ta daidaita za ta nuna 14.7 a agogon da aka bari a ma'aunin fetur. Wanda ya karanta 17.2 a littafi ya rage gas har agogon ya nuna hakan, ya kai injin lamda 1.17 ne, inda ƙarfi ke raguwa, injin ya fara tari ta wajen shan iska. Mayar da fuskar agogon zuwa lamda yana cikin saitin yawancinsu, kuma ba ya ɗaukar minti guda.