A Duba Irin Itace Kafin A Haƙa Rami

Sanin kowa ne cewa da zarar damina ta kankama, makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi sukan shiga dashen itatuwa a gefen hanyoyin da ke shiga harabarsu da ƙauyukansu. Wannan abin yabawa ne. Abin takaicin shi ne sau da yawa kyan fure kaɗai ake dubawa, ba a tambayar ko itacen zai kai wata damina.

Misali shi ne itacen nan mai jan fure da ake gani a tsofaffin unguwannin Turawa, wanda asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. Babu mai musun kyansa, amma saiwarsa ba ta nitsewa ƙasa. Takan bi sama-sama har ta ɗaga daɓe da gefen kwalta, rassansa kuma ba su jure iskar farkon damina. Shi kuwa dogon yaro, wanda aka kawo Lardin Barno a 1928, ya yi wa Arewa rana wajen inuwa, sai dai furensa ƙanana ne, ba su ƙawata hanya.

Alhali kuwa dajin ƙasar Hausa cike yake da itatuwan da suka haɗa kyau da juriya. Gurjiya takan fitar da jan fure da hunturu bayan ta zubar da ganye. Marga takan zubo da fure ruwan ɗorawa a lokacin bazara, sa'ad da ko'ina ya bushe. Sansami da minjirya su ma da rani suke fure. Ɗorawa kuwa, bayan tutunta ja, ga gari ga kalwar daddawa. Waɗannan sun saba da ƙasar da zafinta, ba su kuma neman ban ruwa in sun kama.

Wajibi ne malaman gandun daji su tanadi irinsu a wuraren renon itatuwa, su kuma nuna wa jama'a abin da ya dace da ƙasar kowane yanki. Kada a jera iri ɗaya tun daga farkon hanya har ƙarshenta, domin cuta ɗaya na iya share su baki ɗaya. A bar tazarar kamar mita 8 zuwa 10 tsakanin manyan itatuwa, a nisanta su da wayar lantarki da magudanar ruwa. A yi musu shinge saboda awaki, a kula da gara, a kuma shayar da su a rani biyun farko.

Farin da aka yi a 1973 da 1984 ya isa darasi game da darajar itace a wannan yanki. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata shugabannin makarantu su danƙa wa kowane aji nasa itatuwan, hukumomi kuma su riƙa ƙidaya waɗanda suka rayu bayan shekara uku, ba waɗanda aka dasa ranar biki ba.