Farin Mayafi da Fuska Cikin Duhu



Ranar sunan ɗan ƙanwata aka miƙo mini kyamara, aka ce in ɗauki hoton Inna tana rungume da jikanta. Tana zaune a tsakar gida, lulluɓe da farin mayafi, hantsi ya ɗaga, rana ta haske bangon da ke bayanta tarwai. Na danna sau uku na wuce wurin rabon goro, ban duba ba. Da dare muka buɗe hotunan. Mayafi ya fito fes har ana ƙirga zaren ɗinkinsa, amma fuskar Inna ta nutse cikin duhu, sai farin ido kawai. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya yi mata rasuwa, kuma ba mu da wani hotonta tare da yaron sai waɗannan uku. Daga nan na zauna na koyi abin da zan gaya muku yau.

Kyamara ɗaki ce mai duhu, da ƙofa guda. Masani Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske kan shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a jikin bango. Har yau a kan wannan ake tafiya. Abu uku ne ke iyakance hasken hoto: faɗin ƙofar, tsawon lokacin da aka ɗage labulenta, da kaifin idon da ke cikin ɗakin.

Faɗin ƙofa shi ne lambar da ke biye da harafin f, kuma a nan mutane ke rikicewa, domin lissafin a juye yake. Ƙaramar lamba, kamar f/2.8, ƙofa ce wangalele. Babba, kamar f/16, ƴar kafa ce. Matakan su ne 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki da aka hau yana rage hasken da rabi. Buɗe ƙofa da yawa yana da farashi: abin da aka saita a kansa ne kaɗai zai fito ras, na gaba da na bayansa su yi dishi-dishi. Ga hoton amarya ita kaɗai wannan ado ne. Ga dangi da suka jeru sahu uku kuwa hasara ce, don kawunnai na sahun baya ba za a gane su ba. Su f/8 ya kamace su.

Labulen kuma ana auna shi da gutsuren sakan: 1/60, 1/125, 1/250, 1/500. Dattijo a zaune 1/125 ya ishe shi. Yara masu guje-guje suna son 1/500, dawakin hawan salla 1/1000 ko fiye. In aka sauka ƙasa da 1/60 kyamara tana hannu, ko numfashin mai ɗauka yana iya girgiza hoton.

Na ukun shi ne ISO. Ɗari da rana, 400 a inuwa mai kauri, 1600 ko 3200 a ɗaki da dare. In ya yi yawa hoto kan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi. Wasu na tsoronsa ƙwarai, ni kuwa ban ga dalili ba. Hoton walima mai ɗan tsaki ana gane kowa a cikinsa; wanda ya girgiza ba ya da magani.

To, ukun nan ciniki suke yi tsakaninsu, abin da aka ƙwace wa ɗaya sai a biya da ɗaya. Masu hoto na da, tun zamanin fim, suna da ƙa'ida ta tsakar rana: ISO 100, f/16, da 1/125. Idan kana son tsayar da gudun yaro ka koma 1/500, ka rage haske mataki biyu ke nan, sai ka buɗe ƙofa mataki biyu, daga 16 zuwa 8. Haske bai canja ba, amma hoton ya canja. Saboda haka kafin a taɓa kowace lamba, a fara tambayar kai: mene ne ba zan yarda in rasa ba a hoton nan? In motsi ne, a juya kyamara kan S ko Tv, a zaɓi lokaci, ita ta nemo saura. In zurfin sahu ne, a juya kan A ko Av.

Sai mu dawo ga Inna. Ma'aunin da ke cikin kyamara bai san mayafi ba, bai san fuska ba. Yana tattara hasken da ya gani ne ya nemi mayar da shi tsaka-tsaki, launin toka. Da ya ga farin mayafi da farin bango sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta tafi. Mu da tufafin bukinmu farare ne, fatarmu baƙa, ranarmu mai ƙarfi, wannan kuskure a ƙofar gidanmu yake kwana. Maganinsa maɓalli ne mai alamar +/-: a ƙara +1, a duba fuskar, in ba ta fito ba a ƙara kaɗan. Mai ɗauka da wayar salula, wadda galibi faɗin ƙofarta ba ya canjawa, ya taɓa fuskar a kan allo, ya ja alamar rana sama.

Sai dai in an ƙara da yawa, adon riga yakan wanke ya zama fari fat. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a roƙi tsohuwa ta matsa inuwa, bakin zaure ko gindin bedi, ta fuskanci wajen da haske ke shigowa, bango mai duhu a bayanta. Da na san haka a ranar, taku biyar kawai ke tsakanin kujerar Inna da rumfa.