Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wai me ya sa sai ranar bikin zagayowar haihuwar yaro ta zo, la'asar ta yi sakaliya, sannan za ka ga magidanci yana zarya daga wannan gidan burodi zuwa wancan, yana cigiyar kek? Ai ranar ba bagatatan ta faɗo ba, wata 12 ta yi tana sallama.

Mai gashi na ƙwarai zai ce maka babu, domin kek sai ya gasu, ya huce sarai, kafin a yi masa ado. Wanda zai ce akwai nan take, sau da yawa kwantai ne zai lulluɓe da sukari da kala, ya tsuga maka kuɗi, yara su ci. Mai gaggawa ba ya tambayar ranar gashi, balle rajistar NAFDAC. Sakacinmu ne jarin irin waɗannan masu gashi.

Saboda haka, a yi oda tun da sauran kwana 2 ko 3, wurin wanda aka taɓa ɗanɗana aikinsa. In kuwa lokaci ya ƙure, to ga alkaki da nakiya, masu yin makonni ba su lalace ba. Ƙasƙanci ne a ajiye su gaban baƙi? Wallahi sun fi kwantan kek mutunci.