Tsohon Gidan Waya Ba Kango Ba Ne

Jama'a, a garuruwan karkara da yawa, musamman na bakin hanyar jirgin ƙasa, akwai wani ɗan gini mai baranda da jan akwati a bakin ƙofa, wanda yau kwanonsa ya yi tsatsa, awaki ke kwana a inuwarsa. Shi ne tsohon gidan waya. Wasu na cewa a rushe a jera shaguna. Mu dai muna cewa a dakata tukuna.

Aikin gidan waya ya girmi Nijeriya kanta, domin an buɗe na farko a Ikko a 1852, na Lakwaja kuwa a 1899, alhali ba a haɗe Kudu da Arewa ba sai 1914. Da hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, sai buhunan wasiƙu suka bi ta tasha tasha. Sunan kan sarki ma tarihi ne, watau kan Sarkin Ingila da ake bugawa a jikinsa.

Mai karatu, ka tambayi dattawan garinku. A bakin wannan kanta aka riƙa karɓar wasiƙun sojan da suka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da na waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Nan ɗan cirani ke aiko wa mahaifiyarsa fasa'oda, nan ɗan makaranta ke jiran takardar shiga kwaleji, nan manomi ke ajiyar kuɗin gyaɗa a asusu. A barandar kuma ga malamin wasiƙa, yana rubuta wa wanda bai iya boko ba, yana riƙe masa asiri.

A 1985 aka raba aikin, wasiƙu suka koma hannun NIPOST, tarho ya koma NITEL. Da wayar hannu ta shigo a 2001, sai ƙafa ta ɗauke. Ginin da ba kowa ciki kuwa, daminu kaɗan sun ishe shi: kwano ya yi yoyo, gara ta ci katako, takardu su ruɓe.

Zungeru ta ishe mu wa'azi. Ita ce hedkwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna, amma gidan Gwamna Lugga yau kufai ne. Ƙaramar gadarsa ta tsira ne don an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1954, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

To, doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma ba ta ikon kare irin waɗannan gine-gine. Sai dai fa hukuma ba za ta kare abin da ba a nuna mata ba. Ya kamata hakimai da ƙananan hukumomi su rubuta mata, su kuma nemi iznin NIPOST, mai ginin, a gyara rufi, a adana sikeli da hatimi da littattafan rajista. Ɗaki guda ya zama na karatu, ɗaya ya ci gaba da karɓar saƙo, tun da cinikin intanet ya sa ana ta aiken kaya.

Shago ana gina shi cikin wata guda, amma wanda ya rushe ginin da ya ga jiya, ba shi da inda zai sayo wani. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa masu iko su ji.