Wanda Ya Tsare Maciji, Ɗuminsa Na Wuyansa

Na san da zarar mai karatu ya ga wannan take zai ce, "To, mu da ke neman sandar kashe maciji, ina ruwanmu da jin sanyinsa?" A yi mini haƙuri a saurare ni. Magana nake yi a kan macijin da ɗan Adam ya kama da hannunsa ya tsare, ko a cikin gorar gardi, ko a kejin gidan namun daji irin na Sanda Kyarimi da ke nan Maiduguri.

Sanin kowa ne cewa garin nan zafi aka san shi da shi, domin a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Amma a Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15. Mu sai mu jawo bargo, ko mu kewaye kaskon wuta. Shi kuwa maciji bargo ba ya yi masa amfani, saboda jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Turawa na kiran irinsa "masu sanyin jini", amma ɗalibin harshe ya yi hattara da wannan fassara. Jinin nasa yanayin wurin da yake kawai yake bi, in wurin ya yi ɗumi ya ɗumama, in ya yi sanyi ya sanyaya.

A daji wannan ba matsala ba ce. Mesa ko kasa takan fito ta sha hantsi a kan dutse, in rana ta ƙwalle ta shige rami. Wanda aka rufe a ɗaki mai sanyi kuwa ba shi da wannan zaɓi. Sai ya ƙi cin abinci, in ma ya ci ya kasa narkarwa ya amayar, daga nan ciwon numfashi ya biyo baya. A ganina, sau da yawa laƙwas ɗin da macijin gardi ke yi da sanyin safiya, 'yan kallo na cewa ƙarfin asiri ne, alhali sanyi ne ya kashe masa jiki.

A Turai da Amurka, inda ake kiwon wata ƙaramar mesa da ake kai musu daga Togo da Benin da Gana, masu kiwon sun daɗe da gano dabara. Gefe ɗaya na kejin suke ɗumamawa da fitila ko shimfiɗar lantarki zuwa kimanin digiri 31, su bar ɗaya gefen a wajen 25, don macijin ya zaɓi inda ya yi masa. Sukan kuma haɗa na'urar da ke kashe wutar da kanta in zafi ya yi yawa, domin maciji yakan kwanta kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba.

Wani zai ce ina muka ga wutar lantarkin? Gaskiya ne, ba mu manta da duhun da Maiduguri ta shiga a 2021 ba, lokacin da aka lalata turakun layin Damaturu. Sai dai Allah ya hore mana rana. Kejin da hantsi ke shiga gefensa, da duwatsun da za su sha rana su riƙe ɗumi zuwa dare, da katangar ƙasa mai kauri, da ɗan faifan sola, duk ba su fi ƙarfinmu ba. Gawayi ne kawai bai dace ba, don hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma, balle maciji.

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye gidan namun dajin Sanda Kyarimi. Hukumar gidan ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, kadoji da macizai kuma ruwa ya kwashe su zuwa unguwanni. Wannan ya nuna mana cewa dabbar da ke tsare rayuwarta a hannunmu take, ko a damina ko a hunturu.

Saboda haka ina kira ga masu kula da gidajen namun daji da su sa ɗumin macizai cikin tsarin gini tun daga tushe. Gardawa kuma, wanda ba zai iya ba, ya bar maciji a dajinsa. Hausawa dai sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.