BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A makon jiya wasiƙa ta iso wa wannan fili daga wasu aminai biyu, ɗaya ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Gwarzo, ɗayan kuwa ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Kabo. Sun ce suna da niyyar zuwa Agadas cikin motar ɗayansu, shi ɗan kasuwar domin ya gana da abokan cinikinsa, shi kuwa ma'aikacin domin ya ziyarci ƙanwarsa da ke aure can. Shirin da suka yi shi ne su tashi daga Gwarzo da asubar Asabar, su kwana Agadas, su juyo ranar Lahadi, Litinin ta tarad da ma'aikacin a ofis. Abin da suka tambaya kuwa shi ne yadda za su yi da salla a hanya.

Za mu amsa wannan tambaya in Allah Ya yarda. Amma akwai wata da ba su yi ba, kuma ita ce ta fi gaggawa, watau ko wannan shiri yana ɗaukuwa. Amsarmu ita ce ba ya ɗaukuwa. Tafiyar yini ɗaya da ke cikin wannan hanya ita ce daga Damagaram zuwa Agadas, kuma wanda zai yi ta lalle ne ya yi mata shirin kwana uku.

LISSAFIN HANYA

Daga Gwarzo, in an ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado aka shiga Kano, kimanin kilomita 70 ne. Daga Kano sai Kazaure, sai Daura, sai iyaka a Kwangwalam, sa'an nan Matamaye, Kance da Takeita har Damagaram, wajen kilomita 240. Daga Damagaram zuwa Agadas kuwa kimanin kilomita 450 ne. Jimla ke nan ya haura kilomita 750, da ƙetare iyakar ƙasa a tsakiya, da cunkoson Kano, da shingayen ma'aikata na ƙasashe biyu. Wanda ya ce zai haɗiye wannan duka a yini ɗaya, to, abin da zai faru shi ne zai shiga mafi wuyar hanyar daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ya gaji, idonsa ya yi nauyi, motarsa ta sha zafi tun safe. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya dace shi ne a raba tafiyar biyu. Ranar farko a tashi daga Gwarzo da sassafe, a ƙetare iyaka da hantsi ko da azahar, a isa Damagaram da sauran rana, a huta, a sake duba mota. Magabata ma haka suka yi. Unguwar Zango ta Damagaram ba don kome aka sa mata wannan suna ba sai don nan ayarin raƙuma ke yada zango a bayan Birni. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba na 1850, ya jira ayarin gishiri na Abzinawa, ya biyo su ta Damargu da Tasawa da Katsina, bai shiga Kano ba sai watan Fabrairu na 1851. Mota ta mai da tafiyar watanni ta kwana biyu, amma ba ta ƙara rijiya ko ɗaya a hanyar ba, ba ta kuma rage zafin rana ba.

Rana ta biyu ita ce ta ƙetare daji. Manyan zangunan hanyar biyu ne: Tanut, babban garin Damargu, wajen kilomita 150 daga Damagaram, sai Adarbisnat, kusan kilomita 140 gaba. Daga nan kimanin kilomita 160 ne zuwa Agadas, ana gangara dutsen Tigidit. Da an wuce matatar man fetur da aka buɗe a 2011 arewa da Damagaram, mutum zai ga gonaki na raguwa, da an wuce Tanut kuwa sai makiyaya da raƙuma da ƙayoyi. Hanya ce da aka daɗe ana gyara ta sashe-sashe, iska kuma tana kwaso yashi ta zuba bisa kwalta, saboda haka wanda ya bi ta bara ba shi ne zai ba ka labarinta na bana ba. A je tashar Agadas da ke Damagaram da maraice, a tambayi direbobin da suka sauko ranar nan: ina ne ya lalace, ina ake samun mai, yaya zaman lafiyar hanya, ko hukuma ta sa doka a kan lokacin wucewa. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a yi lissafi da gudun da mota ke iyawa, a yi shi da hasken rana. In aka haɗa da ramuka da shingaye da tsayawar salla, mai hankali zai ƙaddara kilomita 50 a awa, watau awa 9. A watan Disamba hasken rana a wannan yanki awa 11 ne da 'yan mintoci, ke nan rarar da ke hannu awa 2 ce kacal, faci ɗaya da kafewa ɗaya sun cinye ta. Saboda haka a tashi da an idar da sallar asuba. A kuma yanke hukunci tun a masauki, ba a kan hanya ba: in ƙarfe 2 na rana ta yi ba a bar Adarbisnat ba, nan za a kwana. Tafiyar dare a wannan daji ba jarumta ba ce, ga raƙuma da jakuna na kwanciya bisa hanya, ga ɓarayi, ga shi in mota ta mutu ba mai wucewa sai gari ya waye.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, taya ta fashe, lagireto ya tafasa. A Yuli da Agusta koramu kan kawo ruwa farat ɗaya ko da ba a yi ruwan sama a inda kake ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, sai dai hazo kan rufe hanya, dare kuma da sanyi mai ratsa ƙashi, don haka a ɗauki bargo.

GUZURI

Ruwa shi ne farko, shi ne na biyu. Shawararmu ita ce kowane mutum a auna masa aƙalla lita 5 a yini, a ninka sau uku, watau lita 15, sa'an nan a ware wa mota jarka guda mai lita 20. A rarraba shi cikin jarkoki da yawa, domin in ɗaya ta tsage kada a yi asarar duka. Wanda ke ganin wannan ya yi yawa ya tuna da abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, mafi yawansu daga jihar Damagaram, musamman yankin Kance da za ku ratsa. Ba harbinsu aka yi ba. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, suka bazu neman rijiya. Gaskiya ne wurin ya fi hanyar Agadas nisa da hatsari ƙwarai, amma ƙishirwa iri ɗaya ce.

Daga wannan akwai darasi biyu. Na farko, in mota ta mutu, kada a bar ta. Mota tana da inuwa, kuma ana hango ta daga nesa, mutum kuwa a ƙafa cikin rana yana zubar da ruwan jikinsa, ba kuma mai ganinsa. Na biyu, kafin a tashi a gaya wa mutum ɗaya a Damagaram da mutum ɗaya a Agadas lambar mota da lokacin da ake sa ran isowa, a ce musu in magariba ta yi ba su ji kome ba, su tashi nema. Kada a dogara ga waya, gama tsakanin garuruwan nan takan ɗauke. Ya kyautu a sayi layin Nijar a Damagaram.

Sai mai. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 45, amma yashi da iska suna ƙara mata sha, saboda haka a cika tanki a Damagaram, a riƙe ƙarin rabin wannan a jarkar ƙarfe, a kuma ƙara a Tanut in an samu. Motar kanta a kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba, domin in an sauya wani abu a gwada shi tsakanin Gwarzo da Kano tukuna. A duba birki da batir da lagireto da baƙin mai. A ɗauki safaya biyu, da jak, da sifana, da famfon taya, da fambel, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da tocila. In an kafe a yashi kada a yi ta taka totur, sai ƙara nutsewa. A rage iskar taya, a haƙe gabanta, a shimfiɗa tabarma ko itace. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin rogo da sukari. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganin mako guda.

Takardu ma guzuri ne: fasfo, katin rigakafin shawara, lasin tuƙi, takardun mota na asali, da inshorar da ke aiki a Nijar, sa'an nan a karɓi izinin shiga da mota a wurin kwastan na can. Sha'anin iyakar nan yana sauyawa. Nijeriya ta rufe ta a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka a binciki abin da ake nema a makon tafiyar. A canji kuɗi tun kafin a shiga daji, a kuma tuna mutanen Nijar da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa 5, jikka ɗaya sefa 1,000. Shi kuwa ma'aikaci ya nemi hutu da izinin fita ƙasa a rubuce, kada tsoron ranar Litinin ya zama shi ke riƙe da sitiyari.

SALLA A HANYA

Yanzu ga amsar tambayarku. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, sun iyakance nisan kasaru da mil 48, watau wajen kilomita 80. Abin lura shi ne nisan tafiyar da aka yi niyya, saboda haka da kun wuce gidajen Gwarzo kun fara kasaru: azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, asuba da magariba yadda suke. In kun yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a Agadas, sai ku cika salla. In rana ta karkata kuna Adarbisnat, kuma kun san ba za ku sake sauka ba sai bayan faɗuwarta, kuna iya haɗa azahar da la'asar nan take. In kuwa za ku isa kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ku sallaci azahar, ku bar la'asar sai kun sauka. Wanda kuma ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa ko ga abokan tafiyarsa, ya yi taimama ya bar ruwan don sha. Wannan ba sakaci da addini ba ne, shi ne hukuncin.

Wani zai ce duk wannan shiri ina tawakkali? To, a dubi Hijira a shekarar 622. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu yana kiwonsu tun kafin ranar, Nana Asma'u ta ɗaure guzuri, aka kuma ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, masanin hanya, ya yi jagora. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne shugaban masu tawakkali, amma bai shiga hamada ba shiri ba. Ya kuma hori matafiya da su naɗa shugaba a tsakaninsu, ya ƙi mutum ya yi tafiya shi kaɗai. Fataken ƙasar Hausa sun riƙe wannan, ba a tada ayari sai da madugu da jagaba. Ku ma ku nemi wata mota ku jera, ku kuma zaɓi mutum ɗaya wanda in ya ce a kwana nan, an kwana. Wanda ke tuƙi ya sani rayukan da ke bayansa amana ce. Shi kuma ɗan kasuwa, kafin ya fita, ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, ya bar wa iyali abin cefane.

In kun isa lafiya, ku je masallacin Agadas mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16. Garin nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je tare da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, sa'ad da babu kwalta babu mota. Hausa za ku yi da mutanen garin, ba ku buƙatar tafinta.

Saboda haka, Malam na Kabo, nemi hutun mako guda: kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, sauran na zumunci. Alhaji na Gwarzo, kai motarka wurin bakanike tun yau. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa ku tarad da iyali lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.