Barin Legas Zuwa Matsakaicin Gari: A Auna Riba Da Hasara Kafin A Ɗaure Kaya

'Yan uwa mazauna Kudu, sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan babu zancen da ya fi yawo a majalisunmu kamar zancen barin Legas da Ibadan a koma garuruwa matsakaita irin su Shagamu da Abeokuta da Oshogbo da Ogbomosho da Ile-Ife, wato garuruwan da suka wuce a kira su ƙauye, amma ba su kai manyan birane cinkoso da tsada ba. Tun daga ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida na Legas, sannan aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, magidanta da yawa suka fara lissafin ko zaman babban birni yana biyan wahalarsa. A nawa ra'ayin, ga magidanci mai sana'a a hannu wanda ke son ya zauna da iyalinsa, matsakaicin gari ya fi. Sai dai akwai sharaɗi, kuma wanda ya tafi bai cika sharaɗin ba, sauƙin da ya bi zai iya zame masa nadama.

Bari mu fara da ribar. Ta farko ita ce muhalli. A Legas akwai dokar haya ta 2011 wadda ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Agege ko Idi-Araba ya san cewa bayan kuɗin hayar akwai la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya da kuɗin ajiya saboda ɓarna, ga shi kuma masu nema sun fi ɗakunan yawa, don haka babu mai bakin yin ciniki. Sakamakon haka shi ne mutum ya bar matarsa da 'ya'yansa a Arewa, shi kuma ya riƙa kwana a shago ko a tasha, sai daga salla zuwa salla yake ganinsu. A matsakaicin gari kuwa, abin da zai biya na ɗaki ɗaya a Legas yakan kama masa ciki da falo, kuma idan ya yi haƙuri ya yi tattali, sayen fili a bayan gari ba mafarki ba ne.

Riba ta biyu ita ce lokaci da kuɗin mota. Mai fita daga Mile 12 ko Ojo zuwa cikin Legas yakan ɓatar da sa'o'i a gosulo safe da yamma, kuma kowace naira da aka ƙara wa fetur a aljihunsa take ƙarewa. A Ogbomosho ko Shagamu kuwa, mafi yawan mutanenmu daga Sabo zuwa kasuwa ko kara tafiyar ƙafa ce ko ɗan hawan mashin. Uba yana iya dawowa gida da rana ya ga ko yaransa sun je makaranta, ya san abokansu, ya san malaminsu. Duk wanda ya ga yadda tarbiyyar yara ke lalacewa idan uba ya yi nisa, ba zai raina wannan ba.

Ta uku, kada wani ya ɗauka barin Legas yana nufin barin asibiti da makaranta. A Shagamu akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Olabisi Onabanjo, a Ile-Ife akwai Jami'ar Obafemi Awolowo da asibitin koyarwarta, a Ogbomosho akwai jami'ar fasaha ta Ladoke Akintola da asibitin koyarwa na Jami'ar Bowen, a Abeokuta kuma akwai asibitin gwamnatin tarayya na Idi-Aba. Haka nan garuruwan ba a kan tudun mun tsira suke ba a ɓoye daga hanya. Shagamu tana daidai mararrabar titin Legas zuwa Ibadan da wanda ya nufi Ore da Benin, Ogbomosho tana kan hanyar Ilori wadda manyan motocin Arewa ke bi dare da rana, sabon jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 kuma yana tsayawa a Abeokuta.

Daɗin daɗawa, mu ba sababbin zuwa ba ne a waɗannan wurare. Fataucin goro da na shanu ne ya kafa unguwannin Sabo tun zamanin kakanni. Sabon Ibadan an kafa ta a 1916, Shagamu kuwa huhunan goron da ake ɗaurewa a cikinta zuwa Kano da Sakkwato su suka sa sunanta ya shiga kowane gida a Arewa. Saboda haka wanda ya sauka zai tarar da Sarkin Hausawa da masu masauki da dillalai, kuma zai tarar da hanyar kai kuka fadar sarkin gari, ko Akarigbo ne a Shagamu, ko Alake a Abeokuta, ko Soun a Ogbomosho, ko Ataoja a Oshogbo. A Legas talaka zai shekara ashirin bai taɓa ganin shugaban ƙaramar hukumarsa ido da ido ba.

To, yanzu mu juya ɗaya gefen, domin gaskiya ɗaya ce daga ƙin ta sai ɓata. Hasara ta farko ita ce ƙarancin kasuwa. Kuɗin da ke juyawa a Mile 12 ko mayankar Oko-Oba a yini guda, wata kasuwar a matsakaicin gari sai ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Mai sayar da albasa ko tattasai da ya saba sauke mota ya sallame ta kafin azahar, zai iske cewa a can kwando-kwando ake saye, kuma bashi ya fi yawa domin kowa ya san kowa. Matashi ɗan ci-rani da ba shi da iyali, wanda burinsa ya tara jari cikin wata shida ya koma gona da damina, ina ganin babban birni ya fi masa, duk da wahalarsa. Garuruwan da suka dogara da jami'a kuwa suna da nasu ciwon, domin a 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, mai shayi da mai suya da ɗan acaɓa duk sun ji a jikinsu.

Hasara ta biyu, wadda ita ce ta fi shafar wannan mujalla tamu, ita ce maganar asali. Tsarin mulkin 1999 bai bar mu a duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya ga dama a Nijeriya, sashe na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Amma a aikace, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, ita ce mabuɗin aikin gwamnati da tallafin karatu da gurbin shiga aikin soja da na ɗan sanda, kuma jami'o'in jihohi da dama suna cajin wanda ba ɗan jiha ba kuɗin makaranta fiye da ɗan jiha. Wannan cuta ba Bahaushe kaɗai take ci ba. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu Ibo ne 'yan uwansu na jihohin maƙwabta, kuma Bayarabe ko Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma irin wannan katanga yake cin karo da ita.

Abin lura a nan shi ne, matsalar ta fi ciwo a matsakaicin gari. A Legas kamfanoni da kasuwanni sun yi yawa, mai ɗaukar ma'aikaci bai damu da garin kakanka ba in dai ka iya aikin. A garin da gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma da jami'a su ne manyan masu ɗaukar aiki kuwa, yaron da aka haifa a Sabo, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarabanci kamar jakin Kano da Hausa, idan ya gama karatu sai a ce ya je garin kakansa ya karɓo takarda. Ya je can kuma a ce ba a san shi ba. Duk uban da zai ƙaura dole ya sa wannan a ma'auni tun yaran suna ƙanana.

Hasara ta uku ita ce tsaro. Sanayyar da muka yaba a sama takobi ce mai kaifi biyu. Inda baƙi suka taru a unguwa ɗaya kuma kowa ya san iyakarta, laifin mutum ɗaya yana saurin zama laifin al'umma. A watan Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu bayan kashe wata Bahaushiya da aka zarga da fita a daren bikin Oro, aka yi asarar rayuka da dukiya daga ɓangarorin biyu, kuma cikin 'yan kwanaki wutar ta tsallaka Kano inda aka huce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A watan Maris na 2017 an ga irin haka a Sabon Ile-Ife, daga saɓanin da bai kai ya kawo ba. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa manyan birane ma ba su tsira ba. Akwai Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Ashe girman gari ba ya hana fitina, ƙanƙantarsa ma ba ya hana ta. Abin da ke kashe ta tun tana ƙarama shi ne a samu dattawan ɓangarorin biyu da suka san juna kuma suke ɗaga wayar juna da tsakar dare, kuma wannan ya fi sauƙin ginawa a matsakaicin gari in har an tashi gina shi tun ana zaman lafiya.

Wannan shi ya kawo mu ga sharaɗin da na ambata. Wanda zai koma matsakaicin gari ya koma a matsayin mazauni, ya daina zaman ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da yawa daga cikinmu sun shekara talatin a gari suna cewa baɗi za su koma gida, shi ya sa ba su da takardar komai. Idan za ka sayi fili, kada ka tsaya a kan shaidar baki da rasidin da wani ɗan gida ya rubuta. Ka tabbatar shugaban gidan da manyan magada sun sa hannu, ka sa safiyo ya auna, ka nemi lauya ya rubuta yarjejeniya, sannan ka bi takardar mallaka ta gwamnati, domin dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna ne. Idan haya ce ko rumfar kasuwa, ka karɓi rasidi da sunanka, ka adana shi tare da na haraji. Ranar da aka zo tashin kasuwa ko biyan diyya, takarda ake tambaya, ba a tambayar shekarun da ka yi.

Haka nan a yi wa yara takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya a garin da aka haife su, a kuma nemo musu shaidar asali tun da sauran dattawan da za su shaide su a gida. A sa su makarantar boko ta gari tare da 'ya'yan masu gari, ban da ta allo da Islamiyya, domin abokin aji na yau shi ne kansila ko alƙali ko baturen 'yan sanda na gobe. Uwa uba, a dawo da katin zaɓe inda ake zaune. Hukumar zaɓe ta ba da damar canja rumfa, amma duk lokacin zaɓe sai ka ga motoci cike da mutanenmu sun nufi Arewa, an bar mazaɓar da rumfunanmu da yaranmu suke babu ƙuri'armu. A mazaɓar kansila ta matsakaicin gari ƙuri'un unguwa ɗaya suna iya kayar da ɗan takara ko su ɗora shi, kuma sashe na 106 na tsarin mulki bai sa asali cikin sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha ba. Ɗan siyasa ba ya gyara magudanar unguwar da ba ta zaɓe.

Sai kuma girmama masu gari. Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Koyon harshensu da sanin ranakun bukukuwansu da halartar taron unguwa da biyan kuɗin 'yan sintiri ba ya rage wa kowa addini ko asali. Shugabanninmu na Sabo su ma akwai nauyi a kansu. Su san duk baƙon da ya sauka da wanda ya tsaya masa, kuma idan ɗanmu ya yi laifi a miƙa shi ga hukuma da hannunmu, kada a ɓoye shi a jawo wa dubbai bala'i. Idan kuma mu aka zalunta, a bi doka. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotun jiha, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi. A nan ma garin da yake hedikwatar jiha, kamar Abeokuta ko Oshogbo, ya ɗara saura, tunda ofisoshin suna kusa.

Saboda haka shawarata ga magidanci ita ce ya je ya ga gari da idonsa, ya kwana biyu a Sabo, ya tambayi 'yan sana'arsa yadda ciniki yake da rani da damina, ya tambayi yadda shugabannin unguwa suke da fadar sarki da ofishin 'yan sanda, kafin ya kwaso iyali. Ƙungiyoyinmu kuma su ɗauki aikin takardun filaye da rajistar zaɓe da shaidar haihuwar yara da muhimmancin da suke ba wa rabon muƙamai. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a neman kowa.